Tayar Ƙasar Ƙanƙara a Kan Kwaltar Zariya

An yi wani mutum a garin nan namu na Kaduna, mai sayar da tayoyin mota. Ba zan faɗi sunansa ba, don ba tonon silili ne ya tara mu ba. Ku dai sani shagonsa yana wajen Kurmin Mashi, a bakin titi, kuma da yawanku kun sha wucewa ta gabansa. Kai, wataƙila ma akwai wanda ya zo masallacin nan yau a kan tayarsa! A'a, kada kowa ya tashi ya je dubawa, ku bari mu gama tukuna.

Ya 'yan uwa, abin da za ku fara riƙewa shi ne, mutumin nan ba jahilin sana'arsa ba ne. Ya tashi a hannun wani dattijo, Alhaji Yusha'u, Allah ya jiƙansa, wanda ba ya sayar wa mutum taya sai ya tsare shi da tambayoyi kamar alƙali. Ina kake bi da motar? Me kake ɗora mata? Da damina ka fi tafiya ko da rani?

Don taya suna ta tara. Ma'aikacin da ke fitowa daga Abakpa ya je ofis a Doka ya dawo, tayarsa daban. Mai akori-kura da ke danƙara mata buhunan masara, sai mai kaurin gefe wadda aka yi don nauyi. Wanda ke kutsawa ƙauye cikin laka, sai mai manyan haƙora. Da damina, idan ruwan Agusta ya kwanta a kan kwalta, zane mai zurfi kake nema wanda zai kore ruwan, in ba haka ba ka taka birki mota ta ce ba ta san zancen ba. Shi kuwa direban doguwar hanya da bazara, ba abin da zai cece shi sai taya mai jure zafi, sabuwa, ba wadda ta tsufa a sito ba.

Duk wannan mutuminmu ya haddace shi kamar karatun sallah. Ko cikin barci ka tashe shi zai karanta maka.

To, da ya buɗe nasa shagon, sai ya gano wata hanya. Akwai tayoyin gwanjo da ake jibgowa daga ƙasashen Turawa, a cikinsu kuma akwai wani iri da aka yi musamman don lokacin da ƙanƙara ke rufe musu hanya. Robarta taushi gare ta, don kada sanyi ya busar da ita. A gefenta akwai ɗan hoton dutse da alamar ƙanƙara a ciki. Su can, da sanyi ya wuce suke kwance ta, don sun san ba ta shiri da zafi. In ta tsufa su yar. Mu kuma a nan mu tsince ta, mu ɗora ta a kan kwaltar da in ka taka da ƙafa ba takalmi sai ka yi rawar da ba ka shirya ba!

Amma ku zo ku ga kyanta a ido. Zane raɗau, zurfi har ka zura yatsa. Ga arha. Wa zai gan ta ya ƙi?

Sai mutumin nan ya riƙa sa sanfefa yana goge lambobin nan huɗu na gefe, waɗanda ke faɗin mako da shekarar da aka yi taya. Ya shafa mata baƙin mai, ta riƙa ƙyalli. Idan mai saye ya nuna hoton dutsen ya ce wannan fa, sai ya yi murmushi ya ce, "Ai ka yi sa'a. Alamar ƙanƙara ce. Tayar nan da sanyinta take tafe, ba ta san zafi ba."

Ku ji fa! Ku ji ɗan banzan wayo! Abin da ya kamata ya zama gargaɗi, shi ya mayar abin talla. Tambayoyin nan na Alhaji Yusha'u kuwa, ya ci gaba da yin su, amma ba don ya zaɓa maka abin da ya dace ba. Yana yi ne don ka ce kai, Alhajin nan ya san aiki.

Kasuwa ta buɗe. Ya ƙara shago, ya yi gida, ya je Makka ya dawo, sahun gaba ba ya wuce shi. Amma motarsa ta hawa fa? Haba! Sabuwar taya dal, a leda, yana tsaye ake ɗaurawa, shi da kansa yake duba lambar shekara. Ya 'yan uwa, in kun ga mai abinci yana aika a sayo masa a wani wuri, ai sai ku tsame hannu daga kwanonsa.

Ana nan, sai ga wani direba, Ila, mutumin Malumfashi, mai jigilar fasinja daga tashar Kawo zuwa Zariya da Kano. Mutum ne mai fara'a, mai yawan surutu, zuciyarsa a tafin hannu. Ya zo ya durƙusa ya gaishe shi, ya ce, "Alhaji, rayukan mutane nake ɗauka, ga bazara ta kawo jiki. Ni ban iya karatun taya ba. Ka zaɓa mini tsakaninka da Allah."

Tsakaninka da Allah! Da bakinsa Ila ya faɗa, mutuminmu kuma da kunnensa ya ji. Ya juya cikin shago, ya wuce sababbin da ke jingine, ya mirgino masa tayar ƙanƙara guda huɗu da aka goge wa shekara. Ila ya yi ta godiya, har da yi wa iyayensa addu'a.

Yanzu ku gyara zama, ga inda labarin yake.

Mutumin nan yana da 'ya, Humaira, tana karatu a Zariya. Duk cikin 'ya'yansa ba wadda yake ji da ita kamarta. Bai taɓa yarda ta shiga motar haya ba, shi yake kai ta, shi yake ɗauko ta. Mutane na cewa gata ne. Ba gata ba ne kawai, ya san abin da ya zuba a ƙafafun motocin garin nan.

Wata rana cikin watan Afrilu, ana irin zafin nan na gab da saukar ruwa wanda ko inuwa ba ta da daɗi, motarsa tana wajen bakanike an sauke giya. Humaira kuwa tana da jarrabawa da yamma. Dole ya sa ta a keke napep suka nufi tashar Kawo, da niyyar ya zaɓa mata mota da idonsa.

Suna shiga tasha sai ya ji an kwaɗa masa kira. "Alhaji! Alhajina!" Ila ne, motarsa ce a kan layi, saura mutum ɗaya ta cika. Ya rugo ya kama hannunsa, yana kiran 'yan uwansa direbobi. "Ku zo, ku zo! Ga Alhajin da nake ba ku labari. Ga mai tayar da ba ta jin zafi!"

Nan da nan aka yanyame shi. Wannan na tambayar kwatancen shago, wancan na cewa gobe yana tafe. Ila ya buɗe gidan gaba ya kakkaɓe kujera da hularsa, ya ce 'yar Alhaji ba za ta zauna a baya ba.

Mutumin nan ya sunkuyar da kai ya dubi tayar gaba, ta ɓangaren da 'yarsa za ta zauna. Ga hoton dutse. Ga gurbin da ya goge da hannunsa. Zanen nan mai kyau duk zafi ya cinye shi. A gefe kuma ga wani ɗan kumburi ya taso kamar maruru. Wani zai gani ya wuce. Shi kuwa ya san mene ne, ya san kuma abin da kwaltar tsakar rana za ta yi masa.

Ya 'yan uwa, me ya rage? Magana ɗaya! Ya buɗe baki ya ce, Malam Ila, kada motar nan ta tashi, tayar da na ba ka ba ta hanyar nan ba ce. Shi ke nan fa! Za a yi masa ihu, na'am. Za a zage shi, kasuwa za ta mutu, na'am. Amma da kowa ya kwana a gidansa.

Ya dubi direbobin da suka kewaye shi suna washe baki. Ya dubi 'yarsa. Ya ce a hankali, "Humaira, ko za ki bari a ga wata motar?"

Ta ce, "Baba, wata sai yaushe za ta cika? Zan makara fa."

Sai Shaiɗan ya matso kusa da kunnensa. Zariya ce fa, nan da can. Motar nan kullum tana zuwa tana dawowa, sai yau? Ka tona wa kanka asiri a gaban tasha guda saboda ɗan kumburi?

Kun san abin da ya iya faɗa? Ya ce, "Malam Ila, a dai bi a hankali."

Ila ya tuntsire da dariya ya ce, "Haba Alhaji, da tayarka a ƙafata? Ka sa a ranka ta isa."

Humaira ta leƙo ta taga tana ɗaga masa hannu. Shi ma ya ɗaga mata. Yana tsaye har motar ta fice daga tasha.

Ku lura da wani abu, don kada ya wuce ku. Ko a wannan lokacin, 'yarsa kaɗai yake tunani. Sauran da ke cikin motar fa? Akwai tsohuwa mai zuwa ganin jika, akwai magidanci da ledar magani a hannu. Su ba 'ya'yan kowa ba ne? Da Humaira ta yarda ta sauka, wallahi da ya koma shago ya ci abincin rana hankali kwance.

Bai jima da isa shagon ba wayarsa ta yi ƙara. An wuce Maraban Jos kaɗan tayar gaba ta yi bindiga. Motar ta ƙwace, ta bar titi, ta wuntsila. Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Tsohuwar nan ta rasu nan take. Humaira ta cika kafin a kai asibiti. Ila ya fita da karaya a ƙafa.

Kuna tsammani nan ne ƙarshen? Ina! Ai da sauran abin da ya fi.

Ranar sadakar uku, ana zaune a kan tabarmi a ƙofar gida, ana ta ba mutuminmu haƙuri, ana cewa dubi tawakkali. Sai ga Ila an riƙo shi, yana dogara sanda. Ya ƙi zama a tabarma, ya zube a ƙasa a gabansa yana kuka kamar yaro. Ya ce, "Alhaji, ka yafe mini. Amana ka ba ni na kasa kai ta. Tun ranar ban runtsa ba. Taya dai taka ce, ba ta da laifi. Ni ne. Ko na cika mata iska, ko na yi gudu. Ni na kashe maka 'ya."

Allahu Akbar! Wanda aka cuta shi ke neman gafarar wanda ya cuce shi! Wace zuciya ce za ta ɗauki wannan?

Tasa dai ba ta ɗauka ba. Ya kurma ihun da sai da aka ji a ƙarshen layi. Ya ce, "Tashi, Ila! Ni ne! Na ga kumburin! Na gani da idona na yi shiru!" Ya zazzage komai a gaban jama'a, da sanfefa, da baƙin mai, da ƙaryar ƙanƙara. Maganar da ya kasa yi a tasha lokacin da za ta yi amfani, ga shi yana yin ta da ƙarfi lokacin da ba za ta dawo da kowa ba.

Matarsa Hansai, uwar yarinyar, tana daga zaure ta ji. Ta fito ba ko mayafi sosai, ta tsaya a kansa. Ba ta yi zagi ba. Ta ce, "Ka gani, kuma ka sa ta a ciki?" Ran nan ta bar gidan, har yau ba ta koma ba.

Shago ya rufe. Hukuma ta yi nata, direbobi suka yi nasu. Gida ya tafi. Amma duk wannan ƙarami ne. In kuna bin titin Kurmin Mashi da rana, za ku ga wani mutum da dattin riga yana bin motocin da aka ajiye, yana durƙusawa yana shafa tayoyinsu ɗaya bayan ɗaya. In mai mota ya fito sai ya riƙe masa riga ya ce kada ka tashi, kada ka tashi. Yara na ce masa mahaukaci. Shi ne.

Wani zai ce, Malam, ai kwana ne ya ƙare. Gaskiya ne, ba mai wuce ranarsa. Amma kwanan Humaira daban, hisabin ubanta daban. Kun sha jin hadisin mai hatsin da ya ɓoye jiƙaƙƙe a ƙasa ya baza busasshe a sama, kun kuma san hukuncin da aka yanke wa mai algus. To, in hatsi ke nan, ina ga abin da ke ɗauke da rayuka?

Ya kai mai sayarwa, faɗi aibin kayanka. Wadda ba ta dace da hanyar mutum ba, ce masa ba ta dace ba, ko da zai fita ya saya a maƙwabcinka. Ya kai mai mota, kai ma ba ka tsira ba! Kada arha ta rufe maka ido. Faɗi hanyar da kake bi da kayan da kake ɗauka, duba lambar shekara, in an goge ta ka tambayi dalili. Damina na tafe, kada ka shiga ruwa da tayar da ta suɗe kamar tafin hannu kana cewa Allah zai kiyaye. Ɗaure raƙuminka tukuna.

Kuma duk wanda ya san akwai wata mota a garin nan da ke yawo a kan ha'incinsa, ya tashi daga nan ya nemi mai ita yau, tun ba ta yi lodi ba. Kunyar tasha ta fi sauƙi a kan tabarmar makoki.

Allah ya jiƙan Humaira da tsohuwar nan, ya ba Ila lafiya da sanyin zuciya, shi ma wancan bawan Allah ya karɓi tubarsa. Allah ya ba mu ikon yin magana lokacin da magana ke da amfani. Allah ya kiyaye mu, ya kiyaye 'ya'yanmu da 'ya'yan mutane daga abin da hannayenmu suka aikata. Amin.