Ƙugiyar Mai Haƙar Rijiya

A wani gari akwai wani maƙeri mai zubin ƙarfe, yana da ƙane mai haƙar rijiya. Wata rana ƙanen ya zo maƙera ya ce, "Yaya, ka zuba mini ƙugiyar da za a riƙa saukar da ni da ita. Ban yarda da ta kasuwa ba, sai taka."

Maƙerin ya shirya mazubi a cikin yashi, ya hura wuta har ƙarfe ya narke. Sai datti ya taso sama, baƙi ƙirin, wanda maƙera ke kira kashin ƙarfe. Ya san sai an kwashe shi tas kafin a zuba. Amma ga hadari ya haɗu, wutar tana ja da baya, kafaɗunsa kuma sun gaji da zuga. Ya kwashe na bisa-bisa, ya dubi saura, ya ce a ransa, "Ɗan wannan, ƙarfe zai rufe shi."

Ya zuba. Ƙarfe kuwa ya rufe shi. Da ƙugiyar ta huce ya goge ta har tana walƙiya, ƙanen ya karɓa yana ta godiya.

Ta yi aiki rani guda lafiya, har maƙerin ya manta. Ran nan ana cikin saukar da ƙanen a wata rijiya mai zurfi, sai ƙugiyar ta ce ɓas. Ba a fito da shi da rai ba.

Bayan jana'iza matar mamacin ta kawo guntun ƙugiyar, ta ce, "Yaya, kai ka san ƙarfe. Me ya karya ta?" Ya juya bakin karayar, ya ga baƙin datti kwance a tsakiya. Ya gane shi.

Ƙaunatattu, ga ma'anar misalin nan. Ƙarfen nan zuciyarmu ce, dattin kuwa zunubin da muke kira ƙarami: 'yar ƙarya, ƙullin da muka riƙe wa ɗan'uwa. Maganar Ubangiji ita ce wutar da ke taso da shi sama don mu tuba a kwashe. In muka bar zuciya ta huce a kansa, ya ɓuya ke nan, mu zo sujada muna walƙiya. Amma ranar nauyi tana zuwa, sau da yawa kuma wanda ya dogara da mu ne yake rataye a igiyar. Wanda Ubangiji ya nuna masa dattinsa yau, ya kwashe tun wutar tana ci.