Shaidar Sallau Tela

Akwai wani mai albasa ɗan Jiratawa da ake kira Gado, rumfarsa na kasuwar Maraɗi a zamanin mulkin Shugaba Diori. Maƙwabcinsa Sallau ne, tela ɗan Tsibiri, mai kunyar da ko ido ba ya iya haɗawa da mutane.

Sallau ya kai shekara arba'in bai yi aure ba. Kasuwa duk ta san zuciyarsa maza take so. Gado ko sannu ba ya yi masa.

Shekarar da aka shiga farautar 'yan jam'iyyar adawa ta Sawaba, ƙanen Gado, wanda ɗan jam'iyyar ne, ya tsallake iyaka ya gudu. Nan take abokan hira suka janye jiki, masu saye suka koma wata rumfa.

Sallau kaɗai ya matso. Kullum da hantsi sai ya ajiye masa ƙwaryar fura ya koma kan keken ɗinkinsa.

Hankalin Gado bai kwanta ba. Ko dai an sa mutumin nan ya riƙa kai rahotonsa, ko kuma wani abu yake nema a jikinsa. Sai ya riƙa zubar da furar a bayan rumfa. Matarsa Zalihatu ma cewa ta yi, "Malam, yi hattara. Yanzu ba a alheri haka kawai."

Ran wata Litinin jandarmomi suka zo. Wani ya kai ƙara cewa ranar Juma'a Gado ya je bakin iyaka ya gana da ƙanensa. Mutum ashirin sun ga Gado a rumfarsa ran nan, amma kowa ya sunkuyar da kai.

Sai keken ɗinki ya tsaya. Sallau ya miƙe.

"Ranka ya daɗe, nan ya wuni. Tare muka rufe bayan la'asar."

Babban jandarmomin ya dube shi sama da ƙasa. "Kai ne shaidarsa? Mene ne tsakaninku?"

Aka bushe da dariya. Gumi ya keto wa Sallau, amma bai zauna ba. Da su duka biyun aka tafi. Kwana uku ana juya wa Sallau tambaya, maganarsa ɗaya, har aka gaji aka sake su.

A hanya Gado ya tsaya. "Sallau, tsakaninka da Allah, me kake nema a wurina?"

"Abin da ake faɗa a kaina gaskiya ne," in ji Sallau, idonsa a ƙasa. "Amma kai ba haka nake dubanka ba. Shekara ashirin ina shiga kasuwar nan ba mai gaishe ni. Da na ga kai ma an fara yi maka haka, sai na kasa jurewa."



Tun ranar suka zama aminai. Aka yi ta tsegumi, Gado ya toshe kunne.

Shekarar da aka yi fari Sallau ya rasu a Tsibiri. Mutane suka tsaya cirko-cirko a ƙofar gida, kowa na jiran wani ya fara shiga. Gado ya naɗe hannun riga.

"Ku ba ni ruwa," ya ce. "Ɗan'uwana ne, ni zan yi masa wanka."

Darasi: Kada zargi ya sa ka wulaƙanta mutum don ba irinka ba ne. Mai yiwuwa wanda kake gudu yau shi kaɗai zai tsaya maka ranar da kowa ya yi shiru. Ku tura wa 'yan'uwa su ma su karanta.