Direba da Ruwan Matan Zumunta

Akwai wani mutum, direba ne, yana da wata tsohuwar mota ƙirar bas. Wata rana a tsakiyar bazara, lokacin da ko kaji ba sa barin inuwa, matan zumunta na ikkilisiyarsu suka roƙe shi ya kai su wani ƙauye a bayan dutse. An gina sabuwar majami'a a can, su ne kuma za su buɗe sujadar keɓewa da waƙa. Ya yi musu alkawari zai kai su kafin a fara.

Suna cikin hawan dutsen, rana ta take, sai ya ga allurar zafin inji tana ta hawa, tururi ya soma fita daga gaban motar. Ya ratse gindin wata tsamiya ya kashe inji.

Matan suka fara gunaguni. Wata ta ce ƙauyen ai ga shi can, ya daure ya ƙarasa mana. Wata ta ce da ma jaki suka hau. Shugabarsu, Mama Damaris, ta leƙo ta taga ta ce, "Ɗana, mu za mu yi waƙa, ko motarka ce za ta yi mana da wannan huci?"

Ya yi dariya ya ce, "Mama, in na matsa mata yanzu, inji zai ƙone, mu kwana a nan. A bar ta ta huce tukuna."

Ya ɗaga bonet don iska ta shiga, amma bai taɓa murfin lagireto ba, gama ya san ruwan da yake tafasa ba ya jin lallashi. Da ƙarfen ya yi sanyi, ya sa tsumma ya buɗe a hankali. Ruwa ya ƙafe. Ya ɗauko jarkarsa, ashe ta tsage a hanya, ko ɗigo babu. Ba rijiya a wurin, ba rafi.

Mama Damaris ta sauko ta miƙa masa gorar ruwan shanta. Ta juya ta dubi sauran. Sai ga goruna suna fitowa daga jakunkuna, har da ta mai zancen jaki. Ya ta da inji, yana zubawa kaɗan kaɗan, har lagireto ya cika, allura ta sauka.

Motar ta hau dutsen nan kamar sabuwa. Matan suka ɗauki waƙa da busasshen maƙogwaro, ana kaɗa tulu da caki, suka shiga ƙauyen ana buga ƙararrawa, jama'a na tarbarsu da guɗa.

To, ƙaunatattu, ga abin da misalin nan yake nufi. Injin nan zuciyarka ce, bazara kuwa wahala ce da fushi da gajiya. In zuciya ta yi zafi, kada ka matsa mata, kada kuma ka buɗe baki tana tafasa, don za ka ƙona na kusa da kai. Ka ratse, ka yi addu'a, ka huce. Ruwan kuwa Maganar Allah ce. Wata rana taka jarkar za ta tsage, shi ya sa Ubangiji bai sa ka a hanya kai kaɗai ba. In ɗan'uwa ya miƙo maka gorarsa, ka karɓa ba kunya. In kuma shi ne ya tsaya a gefen hanya yana huci, ka fito da taka, ko da maƙogwaronka a bushe yake.