Wayar Da Ke Zuwa Aiki

An yi wani mutum, ya 'yan uwa, da aka damƙa wa amanar sito a wata masana'antar katifa. Ranar da asirinsa ya tonu, gobara ta tashi a masana'antar, hayaƙi ya turnuƙe sama, manaja na bakin ƙofa yana duba allon na'urar da ke hannunsa yana ihu: "Saura mutum ɗaya! Mai sito yana ciki!"

Alhali ba ya ciki.

Kamfanin ya sa na'urar da ke gane zuwan ma'aikaci ta wayarsa. Da wayarka ta shigo an san ka zo, har ɗakin da kake ana gani. Mutuminku sai ya sayi waya ta biyu ya riƙe, waccan ya bar wa maigadi. Kullum da sassafe maigadi ya kai ta sito ya jefa a durowa. Waya na bakin aiki, mai ita na majalisar 'yan karta, sai bayan azahar yake leƙowa. Har yana cika baki: "Ni da na'ura, a ga mai wayo."

Ƙaninsa direba ne a wurin, bai san dawan garin ba. Da jin ihun manaja ya jiƙa rigarsa, ya rufe kai, ya faɗa cikin wuta yana kiran "Yaya! Yaya!"

Labari ya iske mutuminku da kati a hannu. Ya iso a guje, ya tarar da matarsa tana birgima a ƙasa. Ta ɗago ta gan shi fes, ko toka babu a hularsa.

"Baban yara, in kai ne nan, wa ƙaninka ya shiga nema?"

Sai ya durƙusa a wurin. Yana durƙushe 'yan kwana-kwana suka fito da ƙanin, hannuwa sun ƙone, amma yana numfashi. Alhamdulillahi! Nan take aka kori mutuminku, a gaban kowa.

A asibiti ƙanin ya dube shi ya yi murmushi. "Yaya, na gode wa Allah da ba ka ciki. Sai dai da hannuwan nan nake tuƙi."

Mutuminku ya fita ya kifa goshi a ƙasa yana kuka, yana godiya da Allah bai ɗora masa alhakin rai ba. Bai gama ɗagowa ba ya ga baƙaƙen takalman ɗan sanda a gabansa.

"Kai ne mai sito? Tashi mu je. Maigadi ya riga ya yi bayani."

Ya 'yan uwa, ka yaudari na'ura, to mala'ikun da ke kafaɗunka fa? Albashin aikin da ba ka yi ba haramun ne, kuma cin amana ba ya tsayawa kan mai shi kaɗai. Mu gode wa Ubangijin da ke tona asirin bawa a duniya tun ƙofar tuba tana buɗe.

Allah ya kiyaye mu, ya tsarkake abin da muke kai wa iyalanmu. Amin.