Jar Motar da Alhaji Barau Ya Saya a Hoto

Akwai wani ɗan kasuwar hatsi a Kankara da ake kira Alhaji Barau. Ku da kuke bin wannan shafi kun san ni, ba na ƙara wa labari gishiri sai in ya yi lami. Wannan kuwa da gishirinsa ya zo.

Alhaji Barau mutum ne da ba a cuta a kan buhu. Ko ƙanensa ne ya kawo masara, sai ya soka ɗan ƙarfen nan a bakin buhu, ya soka a tsakiya, ya soka a gindi, sannan ya watsa ƙwayoyin a baki ya tauna. An ce ya taɓa tauna masarar wani mutumin Faskari, ya gaya masa gonarsa a bakin rafi take, kuma jakinsa yana ɗingishi. Ban gani da idona ba, amma wanda ya ba ni labarin dattijo ne mai furfura har a gira.

Maganarsa a kasuwa kullum ɗaya ce: "Bakin buhu ba ya faɗin abin da ke gindi."

Ku riƙe wannan magana, za mu dawo kanta.

Sai auren ɗiyarsa ta fari ya taso. Nana Khadija ma'aikaciyar jinya ce, angon kuma wani malamin makaranta ne ɗan Sabuwa, Lawwali. Sun daɗe suna son juna, kowa ya yi murna.

Kawun ango, Malam Ubale, ya zo har gida ya zauna bisa tabarma. Bayan gaisuwa ya ce, "Alhaji, motoci nawa za mu turo ranar ɗaukar amarya?"

Kun san dai dangin ango ke turo motoci. Haka aka taso aka gani.

Alhaji Barau ya gyara hula. "Ko keke kada ku turo. Ɗiyata a motar ubanta za ta shiga Sabuwa. Motar da in ta ratsa Faskari sai an yi mako ana zancenta."

"Alhaji, ai al'ada ce."

"Al'adar marasa hali ce, Malam."

Malam Ubale ya haɗiye maganar da ƙyar. Da zai tashi ya ce, "Allah shi kai mu. Sai dai ka san hanyar tamu, ba a bari rana ta faɗi mutum yana kanta."

A lokacin da ya yi wannan cika baki, Alhaji Barau ba shi da mota. Babur gare shi.

Ya kira wani dillali mai suna Almu, wanda ke kawo motoci daga kudu. Ya ce masa, "Ina son motar da za a kalla. Wadda ba a taɓa gani ba daga nan har Sabuwa."

Almu ya buɗe waya ya nuna masa wata ja, tana sheƙi kamar an shafe ta da man shanu. An ɗauki hoton daga ƙasa, ta cika wayar fam kamar giwa.

"Ta tsere ce, Alhaji. Kafin ka gama bisimilla ka kai Yargoje."

"Ikon Allah! Hoton ma kaɗai ya isa. Da mi ake ɗaukar irinsa?"

"Da babbar kyamara. Akwai ma wata a hannuna, mai hanci kamar taɓarya."

"Haɗa mani duka biyun. Mai hoton da aka kira ma a sallame shi, ni zan ɗauki bikin ɗiyata da hannuna."

Alhaji Barau yana da wani amini tun suna yara, Ɗanlahadi, mai fataucin albasa. Shi Kirista ne, amma tsakaninsu babu shamaki, a kwano ɗaya suka tashi. Yana da wata tsohuwar bas wadda in ta taso daga bakin kasuwa, kajin unguwa sun san ƙararta.

Da aka nuna masa hoton, ya juya wayar sama da ƙasa. "Barau, ka je ka gan ta? Ka zauna ciki?"

"Ga ta nan kana gani."

"Wannan bakin buhu ne. Ina gindin?"

Alhaji Barau ya bushe da dariya. "Mai motar da ake ɗaure ƙofarta da igiya ne zai koya mani sayen mota? Kai dai ranar biki ka ɓoye wannan akwalar bayan gari, kada ta shigo mani hoto."

Ɗanlahadi ya ce, "To."

A cikin gida ma an yi tambaya. Yayarsa, Gwaggo Hajaratu, mace ce mai jiki, mai murya, kuma ita ce za ta riƙe amarya har ɗakinta. Ta leƙa hoton ta ce, "Mutum nawa take ci?"

"Yaya, irin wannan mota ba a yi mata wannan tambaya."

"Ni dai na yi."

Motar ba ta iso ba sai ranar ɗaukar amarya, bayan azahar. A bayan wata babbar mota aka ɗoro ta, an lulluɓe da tamfol. Unguwa ta cika maƙil. Masu shayi sun bar tukunya bisa wuta, mata sun hau katanga. Aka saukar da ita a ƙofar gida, Alhaji Barau cikin babbar riga mai aiki ya kama gefen tamfol ya yaye.

Kowa ya miƙa wuya.

Ja ce kam, kuma tana sheƙi. Amma jama'a, rufinta bai wuce ƙugun Alhaji ba. Cikinta kuwa kusa da ƙasa yake, har wani ƙadangare ya zo zai bi ta ƙarƙashi, ya duba, ya fasa, ya zagaya.

Wani tsoho ya ce, "Alhaji, wannan ɗiyar ce, ko uwar na tafe?"

Gwaggo Hajaratu ta fito da mayafi. Ta zagaya motar ta dama, ta zagaya ta hagu, tana shafa jikinta kamar mai neman ƙuma.

"Barau, ina ƙofar baya?"

Almu ya sosa ƙeya. "Hajiya, ba ta da baya."

"Ba ta da mi?"

"Kujera biyu ce. Direba da mutum ɗaya."

Gwaggo ta dafe ƙirji. "Innalillahi wa inna ilaihi raji'un! Amarya ita kaɗai da direba, daga nan har Sabuwa? Wa ya taɓa kai amarya babu gwaggo a dama, babu inna a hagu? Ni bisa rufin zan hau, ko da gudu zan bi ku?"

Alhaji Barau ya juya ga Almu. "Kai! Mi ka kawo mani?"

"Alhaji, ka ce wadda za a kalla. Ba ka ce wadda za a shiga ba. Dubi jama'a, wa ba ya kallo?"

Maganar gaskiya, babu wanda ba ya kallo.

Amma girman kai ba ya mutuwa da sara ɗaya. Alhaji ya ce a bari ya nuna masu gudunta, ko bakin mutane zai mutu. Shigarsa kaɗai sai da aka taru. Hula ta faɗi, babbar riga ta naɗe a ƙofa, gwiwoyinsa suka tokare haɓarsa. Ya tada ta, ta yi wani gurnani da ya sa awaki tsinke igiya.

Ta zabura kamar kibiya.

Sai ƙuuu!

Akwai wani tudu da aka gina a tsakiyar layin don rage gudun 'yan acaɓa. Duk Kankara babu mai tsayinsa. Wa ya gina shi? Alhaji Barau, da simintinsa, shekarar da ya ce ƙarar babura na hana shi barcin rana.

Motar ta hau tudun da ciki ta zauna. Ƙafafun gaba na lilo, na baya na juyawa a iska, kamar kunkurun da aka ɗora bisa turmi. Wani baƙin mai ya fara tsiyaya daga ƙarƙashinta.

Aka zaro Alhaji kamar ana zare ƙaya. Yana tsaye yana haki, wayarsa ta yi ƙara. Malam Ubale ne.

"Alhaji, kun wuce Faskari? Nan mata sun gama jera abinci."

Alhaji ya dubi motar, ya dubi inuwar katanga da ta fara miƙewa. "Muna... muna bisa hanya."

Bai yi ƙarya ba. A bisa hanyar take, daram.

Aka aika tasha, motoci duk sun tafi kasuwar ƙauye. In an ce mutanen Sabuwa su turo nasu yanzu, kafin su zo su koma duhu ya rufa, kuma babu uban da zai sa ɗiyarsa a wannan hanya da duhu. In kuma amarya ta kwana a gida, har jikoki sai sun ji labarin mutumin da ya kori motocin ango.

Daga cikin gida aka ji kukan Nana Khadija ya sauya. Da na amarci take yi, wanda ake yi ana leƙen madubi. Yanzu na gaske ne.

Wannan kukan ne ya karya Alhaji Barau. Ya tsuguna a gefen jar motarsa, ya rufe fuska da hannun riga.

Sai kajin unguwa suka watse.

Kaf-kaf-kaf, tsohuwar bas ta shigo layin ta ɗaya ɓangaren. An wanke ta tas, an shimfiɗa sababbin tabarmi a kujeru, har da turaren wuta don kashe warin albasa. Igiyar ƙofar ma sabuwa ce. Ɗanlahadi ya leƙo, matarsa Esther na gefensa da kwanon cincin.

"Barau, na ɓoye ta bayan gari kamar yadda ka ce. Tun safe take can, tankinta cike. Na ce bari in tambaya, ko yanzu ta iya shigowa hoto?"

Alhaji Barau ya miƙe ya kama hannunsa, zai fara ba shi haƙuri.

"Bar shi," in ji Ɗanlahadi. "Khadija ɗiyata ce. Ku fito da ita, rana na gudu."

Aka fito da amarya, gwaggo a dama, inna a hagu, ƙawaye a baya. Gwaggo Hajaratu ta zauna ta baje, ta ce, "Yauwa. Wannan ita ce mota."

Sai a lokacin Alhaji ya tuna da kyamara. Ya ɗauko ta da gudu, ya saita ta ga amarya. Ya ga wani baƙin rami mai gashi a gefe. Ya ja da baya a firgice.

"A'uzubillahi! Mi ke nan?"

Almu ya leƙa. "Hancin Hajiya ne, Alhaji. Irin wannan ta ɗaukar abin da ke nesa ce, kamar tsuntsu bisa kuka. Sai ka matsa baya."

Ya matsa. Kunne ya gani. Ya ƙara matsawa har ya faɗa kwata. Kafin ya fito, bas ta tashi.

Ya tsaya a tsakiyar layi, rigarsa na ɗigar ruwa, yana kallon motar da ya raina tana tafiya da ɗiyarsa. Da ta kai can ƙarshen gari, ta zama kamar ƙwaro a ido, ya ɗaga kyamarar ya danna sau ɗaya.

Sun shiga Sabuwa ana kiran magariba.

Hoton bikin Nana Khadija ke nan guda ɗaya tak a duniya. Ya fito tar: tsohuwar bas, sabuwar igiya a ƙofa, da hannu mai lalle da ya fito ta taga yana ɗaga wa uba.

Yana nan rataye a rumfar Alhaji Barau, sama da buhunan masara. Jar motar kuwa tana tsakar gida. Gwaggo Hajaratu ta ce ba ta taɓa samun wurin shanya kuɓewa mai kyau irinta ba.

Darasi: Kafin ka sayi mota ko kyamara, ka je ka gani da idonka, ka zauna ciki, ka riƙe a hannu, ka tambayi kanka wa zai shiga, wace hanya za ta bi, kuma me za ka ɗauka. Abin da aka saya don idon mutane, ranar buƙata kallo kawai zai ba ka. Kuma kada ka raina aminin da ya gaya maka gaskiya, wataƙila akwalarsa ce za ta rufa maka asiri. Ku tura wa duk wanda kuka san yana shirin sayen buhu bai soka gindi ba.