Ƙullin Daddawar Ɗanmaliki

Barau manomin gyaɗa ne a Zoza ta ƙasar Rogo, mutumin kirki, sai dai yana da ciwon son yabo. In ka kambama shi sau biyu, rigar jikinsa ma sai ya tuɓe ya ba ka. Shekara goma sha ɗaya yana noma da burin ganin Ka'aba, sai a 1974 ya sami kujerar Hajji.

Saura kwana uku tafiya, wani baƙo mai suna Ɗanmaliki ya yi sallama. Ba wanda ya san asalinsa, ana dai ganinsa a kasuwar Karaye da agogo mai ƙyalli. Ya durƙusa, ya ajiye wani ƙulli da aka ɗinke cikin fata.

"Alhaji, ranka ya daɗe, daddawa ce za ka kai wa yayana a Jidda. Duk ƙasar nan an ce ba mai amana irinka."

Barau bai taka jirgi ba an kira shi Alhaji, kansa kuwa ya kumbura. Ya karɓa.

Matarsa Laure, wadda sana'arta ke nan yin daddawa, ta ɗaga ƙullin ta jinjina, ta sansana.

"Malam, warin na daddawa ne, amma daddawa ta fi haka nauyi. Kuma wa ke ɗinke ta a fata? Bari in farke mu gani."

"Saƙon mutum zan buɗe? Ki rufa mini asiri, Laure. A ce Barau ya leƙa amana!"

"To yayan nasa, wane ne sunansa?"

"Ya ce shi zai neme ni."

Laure ta ajiye ƙullin, amma hankalinta bai kwanta ba.

A lokacin ƙasashe sun haɗa kai suna farautar masu fataucin wiwi da ƙwaya, suna aika wa juna labari. Da jirgi ya sauka Jidda, wani ma'aikacin kwastan ya sa wuƙa ya farke fatar. Daddawa 'yar kaɗan ce a sama, sauran duk wiwi ne. Barau ya yi ta rantsuwa cewa saƙo aka ba shi, har muryarsa ta dushe. Aka ce ya faɗi sunan yayan, ya ce bai sani ba. Aka aiko Nijeriya a kama Ɗanmaliki, aka tarar ya ɓace.

Shekara huɗu ya yi a kurkuku, Makka na nan kusa, bai gan ta ba. Da ya dawo Zoza ba wanda ya kira shi Alhaji. Laure ta ajiye masa ruwa, shi kuwa ya fashe da kuka. Abin tausayi, har ya rasu bai ga Ka'aba ba.

Jama'a, riƙon amana ba rufe ido ba ne. Duk wanda ya ba ka saƙo zuwa wata ƙasa, ka ce ya buɗe a gabanka, in ya ƙi ka mayar masa da abinsa. Kuma ka saurari na gida mai faɗa maka gaskiya fiye da baƙo mai zuba maka kirari.