Matar da Ta Yi Tambaya Kafin Ta Sa Hannu

Akwai wata mata da duk unguwarsu ba mai kiranta da sunanta na yanka, sai dai Mai Almakashi. Ta yi karatun ɗinki da fitar da samfurin tufafi, ta kuma daɗe tana yanka a wani ƙaramin kamfani har ya durƙushe aka rufe shi. Tun daga nan ta dawo gida, tana karɓar gyaran riga da canjin zif a kan tsohon kekenta.

Mijinta malamin firamare ne, mai haƙuri, mai ƙarancin magana. 'Ya'yansu uku, Autarsu kuma tana da sikila. Duk wanda ya taɓa rainon mai wannan ciwo ya san ba ya duba ko wata ya yi nisa kafin ya tashi.

Ana nan sai yayanta ya zo da albishir. Wani babban kamfani mai ɗinka kayan makaranta da rigunan ma'aikatan asibiti yana neman shugabar ɗakin yanka, manajan wurin kuma abokin karatunsa ne.

"Na riga na yi miki magana," in ji shi. "Ke dai kada ki ba ni kunya."

Ta je gwaji. Aka shimfiɗa mata yadi a kan dogon tebur, aka miƙo mata alli da awo. Mai kamfanin da kanta, wata dattijuwa da kowa ke kira Hajiya, ta jawo kujera ta zauna tana kallo. Da aka gama ta ɗaga guntayen da suka rage, ta jujjuya su, ta gyaɗa kai ta fita. Washegari Hajiya ta yi tafiya sayen sababbin kekuna, ta bar sauran magana a hannun manaja.

Shi wannan manaja, a bayan idonsa ma'aikata Rage Kaɗan suke kiransa. Ya rage sukarin shayi, ya rage ƙwan fitila a baranda, har sabulun banɗaki sai an raba shi biyu kafin a ajiye. Masu ɗinki suna cewa da zai iya, da ya rage wa mako ranar hutu ya mayar da ita sito.

Da ya kira ta ya ce aiki ya zama nata, Mai Almakashi ta tashi ta hau shiri. Ta goge mayafinta mai kyau, ta tafi.

Ofishinsa akwai sanyi, akwai babbar kujera mai juyawa. Ya turo mata takarda, tafin hannunsa a kan rubutun, yatsansa a ƙasa.

"Nan za ki sa hannu. Ina da taro."

"Ranka ya daɗe, bari in ɗan karanta."

Ya ɗage hannun da ƙyar. Ta fara karantawa. Albashin bai ma kai wanda take karɓa a ƙaramin kamfanin da ya mutu ba. Babu maganar asibiti. Babu maganar kuɗin ƙarin lokaci, alhali ta san idan makarantu za su koma, masu yanka ba sa ganin gida sai duhu ya yi.

Ta tausasa murya.

"Na gode ƙwarai da aka zaɓe ni, kuma ina son aikin nan har raina. Sai dai ina da roƙo. Na tambayi abokan sana'a abin da ake biyan shugaban yanka a wurare irin wannan, na ga tazarar da yawa. Ina so a duba albashin. Ina so a sa 'ya'yana a tsarin asibitin kamfani. Sannan a ba ni yini ɗaya a wata in kai 'yata ganin likita, zan rama aikin."

Manaja ya jingina da kujera ya yi dariya, irin wadda ake yi wa yaro idan ya ce zai sayi jirgi.

"Malama, kasuwa kika zo? Tumatir muke ciniki?"

"A'a ranka ya daɗe. Aiki muke magana."

"Mijinki ba ya aiki ne?"

"Yana yi."

"To, me za ki yi da kuɗi mai yawa? Wanda ya bar kujerar nan magidanci ne, iyali gare shi, shi ya sa nasa ya fi haka. Ke kuwa na kwalliya ne da anko."

Ta ce, "Ni ma iyali gare ni. Kuma yadin da zan yanka ba zai tambaye ni ko mace ce ni ba."

Nan fa fuskarsa ta sauya.

"Ki ji ni da kyau. Albarkacin yayanki kika zauna a kujerar nan. Akwai masu takardu fiye da naki a bakin ƙofa, ko rabin wannan na ba su da gudu za su karɓa. Maganar 'yarki kuma, kamfani ne ya haifa miki ita? Mu ba gidan marayu muka buɗe ba."

'Yan uwa, ku ji fa. Yarinyar da ba ta san hawa ba, ba ta san sauka ba, ita ce abin gori a bakin mutumin da ko kuɗin aljihunsa ba a taɓa ba.

Mai Almakashi ta ji hawaye na neman zubowa, ta danne su. Ba za ta yi kuka a gabansa ba.

"A ba ni zuwa jibi in yi shawara da maigidana."

Ya fizge takardar ya jefa a durowa.

"Ba jibi, ba gata. Mai son aiki ba ya tambaya. Ja mini ƙofar idan kin fita."

Kafin ta isa gida labari ya riga ta. Ta tarar da yayanta a tsakar gida, ko zama ya ƙi yi.

"Ke wace ce? Wata nawa kina zaune kina ɗinke tsumma? An ba ki aiki kin tsaya ciniki! Kin zubar mini da mutunci a gaban abokina. Da kin shiga tukuna, daga baya a gyara."

"Yaya, wanda ya ƙi gyarawa lokacin da yake nemana, zai gyara ne bayan ya same ni?"

"Au, har da ni za ki yi wa bakin? To, ki ci girman kan naki. Kada ki sake ki kira ni idan yarinyar nan ta kwanta."

Ya fita ya bugo ƙofa.

Kamar da baki, a makon nan ciwon Auta ya tashi. Aka kwantar da ita, aka sa mata ruwa. Mai Almakashi tana zaune a gefen gadon asibiti tana matsa mata ƙafafu, yarinya na cije leɓe don kada ta yi ihu. A nan ne zuciyarta ta karaya. Ta ɗauko waya ta nemo lambar manaja.

"Baban Auta, ko in kira shi in ba shi haƙuri? Ko nawa ne in karɓa."

Mijin, wanda ke zaune kusa da ita, ya ce:

"Idan kin kira ba zan ga laifinki ba. Amma ki tuna, da kin sa hannu ranar nan, yanzu kina can kina roƙonsa ya bar ki ki zo nan, shi kuma yana yanke miki kuɗin yini. Ba abin kunya kika tambaya ba. Zan karɓi darasin yamma a gidajen mutane, mu lallaɓa."

Ta ajiye wayar. Amma ba ta yi barcin kirki ba har aka sallame su.

Bayan kwanaki, tana tsaka da ɗinki wata baƙuwar lamba ta shigo. Muryar tsohuwa ce, a fusace.

"Ke ce mai yankan nan? Hajiya ce. 'Yata, na ɗauke ki mutuniyar kirki. In dawo daga tafiya a ce mini kin ce sai an ba ki mota da gida da ninkin albashi, har kin zagi manajana? Na kira ne kawai in gaya miki ba haka ake rayuwa ba."

Mai Almakashi ta miƙe tsaye, zare na zubewa daga cinyarta.

"Mota, Hajiya? Ni da ko keke ban iya tuƙawa ba sai na ɗinki?"

Ta kwashe komai ta faɗa, ba ƙari ba ragi. Da ta ambaci albashin da ke takardar, sai Hajiya ta katse ta.

"Maimaita," in ji Hajiya.

Ta maimaita.

"Gobe da safe ki same ni a ɗakin yanka."

Da ta isa, kekuna na ta ruri, mata sun duƙufa. Hajiya ta sa aka kashe kekunan, aka kira manaja. Yana shigowa ya ga wadda ke tsaye, sai ya sha jinin jikinsa.

Ashe abin da Hajiya ta ware wa wannan kujera ya ma fi wanda Mai Almakashi ta roƙa, har da asibitin iyali. Shi ne yake zaftarewa. Duk wanda ya zo a matse sai ya ba shi ƙasa da abin da aka ware, ƙarshen shekara ya nuna ya rage kashe kuɗi, a yaba masa, a ba shi tukuici mai tsoka.

"Hajiya, don amfanin kamfani na yi," in ji shi, gumi na keto masa. "Ai ciniki ne. Ita ce ba ta da haƙuri."

"Ita da ka ce ba kasuwa ta zo ba?" in ji Hajiya. "Ƙaryar motar fa, ita ma don kamfani ce?"



Hajiya ta juya ga Mai Almakashi ta ce duk abin da ta nema an ba ta, ta fara aiki ranar da ta ga dama.

"Na gode, Hajiya. A rubuta mini shi, in karanta a gida. Amma ki gafarce ni in faɗi wata magana. Duk shekara ana kawo miki lissafi ya ragu kina murna. Ba ki taɓa tambayar daga jikin wa aka yanko ba."

Hajiya ta cire tabarau ta daɗe tana goge shi da gefen mayafi.

"Gaskiya kika faɗa," ta ce a hankali. Sannan ta dubi matan da ke kan kekuna. "Ku fa? Da aka ɗauke ku, wace ce ta tambayi abin da ya kamata a ba ta?"

Ba wadda ta ɗaga kai. Can daga lungu wata dattijuwa mai sa maɓalli, wadda suke kira Gwaggo, ta miƙe da ƙyar. Gashinta ya yi fari a ɗakin nan, idonta ɗaya ya fara hazo saboda zura allura.

"Hajiya," ta ce, "dama ana tambaya?"

A ranar manaja ya tattara kayansa. Aka gyara albashin kowa, aka ba su katin asibitin da tuntuni haƙƙinsu ne. Mai Almakashi ta kama aiki da mutuncinta.

Gwaggo kuwa, da ta kai katinta wurin likitan ido, sai ya ce da ta zo tun shekarun baya da an ceto idon. Yanzu an makara.

Darasi: Idan an ba ka aiki, ba sadaka aka ba ka ba, ƙarfinka da iliminka ake saye. Ka gode, ka karanta, ka bincika abin da ake biyan irinka, sannan ka tambayi albashi da asibiti da hutu cikin ladabi kafin ka sa hannu. Ku kuma masu ɗaukar ma'aikata, ku ji tsoron Allah, kada matsin mutum ya zama ribarku. Ku tura wannan labari ga duk ɗan uwa ko 'yar uwa da ke neman aiki, wataƙila akwai wanda har yau bai san ana tambaya ba.